Dutsen sama da hanyar Gusau: wanne ya fi cancantar kuɗi da hankalinmu?

Baban Yara (Gawon Nama): Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani yarona ya turo mini bidiyon kumbon da Amurkawa suka harba ya je ya daki wani dutse can sararin samaniya, wai gwajin yadda za a kare duniya ne. An ce aikin ya ci sama da dala miliyan 300. Ni fa abin bai kwanta mini ba. Tun da nake ban taɓa zuwa gaisuwar wanda dutsen sama ya kashe ba. Gaisuwar hatsarin mota kuwa, hanyar Gusau kaɗai ta ishe mu, balle a haɗa da ta Illela da ta Jega. In masana na da irin wannan basira, me ya hana su fara da ƙasa? Malamin Fiziks, kana kusa?

Malamin Fiziks (Arkilla): Wa alaikumus salam Baba. Ina nan, takardun yara nake dubawa. Sunan aikin DART, na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. An harba kumbon a Nuwamban 2021, ya isa ranar 26 ga Satumban 2022. Dutsen da ya daka ana ce masa Dimorphos, faɗinsa kamar mita 160, yana kewaya wani da ya fi shi girma mai suna Didymos. Babu wanda ya nufo mu a cikinsu, suna can nisan kusan kilomita miliyan 11 a lokacin. Kumbon bai kai nauyin ƙaramar mota ba, wajen kilo 600, amma ya faɗa wa dutsen da gudun kilomita 6 a daƙiƙa ɗaya. A da ƙaramin dutsen na gama kewaye ɗaya cikin awa 11 da minti 55. Bayan dukan sai lokacin ya ragu da fiye da rabin awa.

Ga inda abin ya fi burge ni. Gudun dutsen kansa bai canza da ko milimita 3 a daƙiƙa ba. Sai mutum ya ce to wannan me zai tsinana? Duniyar nan tana tafiya da kusan kilomita 30 a daƙiƙa, faɗinta kuma kilomita 12,700 da 'yan kai. Wato cikin minti bakwai ta bar gurbin da take ciki gaba ɗaya. Kafin dutse ya same ta sai sun iso wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Saboda haka ba sai an farfasa shi ba. A sa shi ya makara da 'yan mintoci, ko ya yi sammako, ya wuce abinsa. Sharaɗin kawai shi ne a ba shi ɗan turin nan tun saura shekara goma ko ashirin, don ya taru ya zama nisa. Shi ya sa ƙarfin aikin yake wajen nema. Akwai na'urorin hangen nesa a Arizona da Hawai da Chile da Afirka ta Kudu da ba su da aiki kowane dare sai ɗaukar hoton sama da lissafa hanyar duk dutsen da suka gani.

Mai Shagon Waya: Malam da girmanka ka yarda da wannan? Wa ya je ya gani? Su suka harba, su suka ɗauki hoto, su suka ce ya yi. Ni dai ban taɓa jin dutse ya faɗo daga sama ba sai a bakin Turawa.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, ai ba sai ka je Turai ba. Zagami a jihar Katsina take, wajen Faskari. A Oktoban 1962 dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo can kusa da wani manomi yana cikin gonarsa. Da aka bincika daga baya aka gano daga duniyar Mars ya ɓallo, kuma gutsattsarinsa na ɗakunan bincike a ƙasashe da dama har yau. A Ghana akwai tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi, faɗinsa wajen kilomita 8, ramin da dutsen sama ya haƙa ne shekara kusan miliyan ɗaya da ta wuce.

Maganar wa ya gani kuma, a Oktoban 2008 an hango wani ƙaramin dutse kwana ɗaya kafin ya iso, aka faɗi lokaci, aka ce arewacin Sudan zai faɗa. Can ɗin ya faɗa. Ɗaliban jami'ar Khartoum suka shiga hamada suka yi sahu suna tafiya har suka tsinto gutsattsarin. 'Yan'uwanmu ne baƙar fata suka ɗauko da hannunsu.

Malamin Fiziks (Arkilla): Na gode ɗiyata. In ƙara da husufin rana na 29 ga Maris 2006. Tun kafin ranar aka sanar a rediyo, da awa da minti, kuma haka ya faru, duk mun gani. Lissafin ɗaya ne.

Mai Shagon Waya: To husufi dai na yarda, don na gani da idona. Sauran zan yi tunani.

Ustazu: Allah Ya saka da alheri. Ni tsorona kar maganar ta kai mu ga tunanin cewa ɗan'adam ne ke riƙe da sama. Abin da Allah Ya ƙaddara babu kumbon da zai tare shi. Amma kuma kar wani ya ɗauki wannan ya kwanta a kai. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa. Da aka ce ko gudun ƙaddara yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi addini ne. Abin da ke damuna shi ne yadda muke rufe kowane hatsari da "kwana ne ya ƙare" tun kafin a tambayi ko motar na da burki. Kwana ya ƙare gaskiya ne. Haƙƙin ran da aka yi sakaci da shi ma gaskiya ne, shi ya sa shari'a ta sa diyya a kisan kuskure.

Direban Illela: Allah shi gafarta Malam, duk na ji. Na san inda maganag ga za ta ƙare, bisa kan direba. Kullum haka na. Dutsen da kuke magana bai da mai mota da ke jiran balas da marece. Bai sayen mai. Bai biyan kuɗin tasha da na shinge. Ni in ban yi sawu biyu ba ranar kasuwa, abin da nika kai gida bai isa cefane. Kuma fasinjan nan da kuke tausayi, shi ne na farko da za ya ce "direba ko jaki munka hau?" in na tsaya 80. Wallahi an sha hwaɗa min haka. In na ɗauki mutum guda gaba maimakon biyu, wa za ya biya kujerar da ta rage?

Malamin Fiziks (Arkilla): Alhaji ba zargi ba ne, lissafi ne, kuma kai ka fi ni sanin hanya. A ɗauka tafiyar kilomita 200 ce, kusan nan da Gusau. A kan 100 awa biyu ce. A kan 120 awa ɗaya da minti 40. Ribar minti 20 ke nan, in har hanya ta bari, kuma ka san ba ta bari. Amma ƙarfin da motar ke ɗauke da shi ba ya tafiya daidai da gudu, ninkin gudun a kansa yake bi. Daga 100 zuwa 120 ƙarfin ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, haka nisan da burki ke buƙata. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karon ya ninku sau huɗu. Karo a kan 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A kan 100 kuwa kusan mita 40 ne. Sannan a kan 100 motarka na cin mita 28 kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarka ta bar totur ta taka burki. Saniya ta fito daga bayan geza, daƙiƙar nan ɗaya ita ce komai. Abin da ya sa kumbo mai kilo 600 ya iya girgiza dutsen da ya fi shi nauyi sau miliyoyi, gudu ne. Shi ne dai ke cikin Sharon ɗinka.

Direban Illela: Minti ashirin ga mai albashi ba komi ba ne. Gare ni shi ne tsakanin in samu layi a tasha ko wani shi riga ni.

Injiniya: Ku bar ni in tsaya wa Alhaji kaɗan, don a nan nake ganin muna kuskuren fahimtar abin da masana suka gano. Shekaru da yawa duk duniya wa'azi ake yi wa direba: ka yi hankali, ka rage gudu. Bai hana mutuwa ba. Wani likita Ba'amurke, William Haddon, shi ya juya tunanin a shekarun 1960. Ya ce a ɗauki hatsari kamar cuta, a dubi mutum da mota da hanya, kuma a dube su kafin karo, lokacin karo da bayan karo. Suwidin ta kai abin ƙarshe a 1997 da majalisarta ta amince da tsarin da ya ginu a kan cewa mutum dole zai yi kuskure, aikin mai gina hanya shi ne kar kuskuren ya zama ajali. Sai suka bi manyan hanyoyinsu suna sa shingen waya a tsakiya, suka mai da su hannu biyu a gefe ɗaya, hannu ɗaya a ɗaya gefen, ana musanyawa bayan 'yan kilomitoci. Mai son wuce wani ya san damarsa na nan tafe, ba sai ya yi caca da ransa ba. Yau suna cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin mutuwar hanya a duniya.

Yanzu ku dubi namu. Hanya ɗaya siririya, tirela mai kayan siminti na jan ciki a kan 40, bayanta Golf biyar kowa ya ƙagu. Gefen kwalta ya zaizaye har ya zama gaɓa, tayarka ta sauka sai dai Allah. Babu fenti a tsakiya, babu alama kafin kwana. Mota ta lalace da dare, abin da za a sa a bayanta ganye ne da duwatsu, in an gyara a tafi a bar duwatsun. Ga kasuwa a bakin titi. A irin wannan hanya ko waliyyi ka ba sitiyari sai ya ga abin da ya gani.

Baban Yara (Gawon Nama): Injiniya, Suwidin fa ka ce. Mu da ko cike rami sai an yi shekara ana roƙo.

Injiniya: Baba to mu dawo Ghana. A mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Accra zuwa Kumasi, wurin da ya yi ƙaurin suna, 'yan ƙananan tudun nan masu sa mota kakkarwa kawai aka jera a kan kwalta wajen shekarar 2000. Haɗurra suka ragu da kusan kashi 35, mace-mace da kusan kashi 55. Kuɗin bai kai ko kusa da na gadar sama ba. Amma kafin su sa, sai da suka san wurin ne ke cin mutane, don suna da rubutaccen tarihi. Ba irin tudun da matasan unguwa ke wayar gari su gina da kankare ba, babu fenti, babu alama, mai babur ya zo da dare ya tashi sama. Wannan ƙara hatsari yake yi.

Ɗan Kabu-kabu (Dandima): Allah ya biya ka Injiniya! Akwai wani a unguwarmu, tsayinsa ya kusa gwiwa. Mata biyu na gani sun zube a wurin.

Anti Nas: Tun ɗazu nake karantawa, yanzu na sauka daga aiki. Baban Yara, ta wajen adadi kana da gaskiya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara. Ku raba, ya haura 3,000 a rana. Shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mutuwar idan aka auna da yawan jama'a, alhali mu muka fi ƙarancin motoci. Fiye da rabin mamatan ba ma a cikin mota suke ba, masu tafiya a ƙasa ne da masu babur da keke.

To ƙanena na Dandima, tunda ka fito, ina hular kwanonka? Abin da muke gani a ɗakin gaggawa ba ya faɗuwa. Yaro ya zo jikinsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu, sai ɗan jini a kunne. Uwar na cewa ai barci yake. Mu mun san abin da ke ciki. Karaya ana ɗorawa, ƙwaƙwalwa ba ta da mai ɗori.

Ɗan Kabu-kabu (Dandima): Anti, ki zo ki sa ta a watan Afrilu da azahar, zafi ya haura 40, ki yi awa takwas. Kuma ko na saya ta fasinja, wa zai sa? Wannan ya ce ƙazanta, wancan ya ce ana asiri da ita. Kin tuna 2009 da aka tilasta? Har ƙwarya mutane suka riƙa kifawa a ka don su wuce shinge.

Anti Nas: Na tuna. Zafin gaskiya ne, ban raina ba. Akwai masu ramukan shan iska da aka yi don ƙasashe masu zafi. Biyetnam ma zafi gare ta, ga babura kamar ƙasa, amma tun ƙarshen 2007 da suka tsaya a kan dokar kusan kowa ya koma sawa. Ka fara da kanka, ka ɗaure igiyar a haɓa. Wadda ba a ɗaure ba tana riga kai isa ƙasa.

Abu na biyu, kuma don Allah kowa ya karanta wannan. Da yawa ba karon ne ke nakasa su ba, ɗaukar ce. Mutane da kyakkyawar niyya su finciko mutum ta taga, wani ya kama hannu wani ƙafa, kai na reto, a cusa shi a keke napep a naɗe. In ƙashin wuya ya tsage, a nan ake ƙarasa shi, mutumin da zai iya tashi ya koma kwance har abada. In ba wuta ake tsoro ba, a riƙe kai da wuya su miƙe da jiki, a nemi ƙyaure ko katako a ɗora shi. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kar a ɗaga ana leƙawa. Kar a ɗura wa wanda ya suma ruwa. A kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra ce, kyauta.

Ɗalibar Jami'a: Anti kin tuna mini da Chelyabinsk a Rasha, 15 ga Fabrairun 2013. Dutse mai kamar mita 20 ya tarwatse a sama da safe. Babu wanda ya mutu, amma kusan mutum 1,500 suka je asibiti, mafi yawansu gilashi ne ya yanke su. Sun ga haske sai suka ruga taga kallo, ƙarar da iskar fashewar ba su iso ba sai daga baya, suka tarar da su a jikin gilashi. Da an taɓa gaya musu cewa in ka ga irin hasken nan ka nisanci taga, da yawa sun tsira.

Anti Nas: Irin ta Majiya ke nan a Jigawa, Oktoban 2024. Tankar mai ta faɗi, jama'a suka taho da bokitai. Wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Ustazu: Amin ya Rabbi.

Mai Shagon Waya: To Malamin Fiziks, duk na'urorin da ka lissafa ina suke ranar da na Rasha ya faɗo?

Malamin Fiziks (Arkilla): Tambaya mai kyau. Ta ɓangaren rana ya taho, na'urar da ke ƙasa kuwa sai da dare take gani. Wannan gibin na nan, shi ya sa NASA ke haɗa wata na'urar da za a kai sama ta riƙa gano duwatsu ta zafin jikinsu. Manyan, masu kilomita ɗaya zuwa sama, an gano fiye da kashi 90 cikin ɗari, babu mai barazana nan kusa. Matsakaitan ne, daga mita 140, ake ta nema har yanzu, kuma ɗaya ya isa ya shafe babban birni da kewayensa. Na Tunguska a Saiberiya, 1908, bai kai haka ba, amma ya kwantar da daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,000. Sa'a aka yi daji ne. A nan ne na rabu da Baban Yara. Hatsarin mota kullum ne, kaɗan-kaɗan. Wancan sai a yi ƙarni ba a gani ba, ranar da ya zo kuma babu asibitin da zai ɗauka. Dala miliyan 300 ɗan yanki kawai za ta iya ginawa na babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024. Kuɗin NASA ba su ne suka hana a shafa fenti a hanyar Tureta ba.

Kun san me ya sa duniya ta ga faɗowar dutsen Rasha ta kowace kusurwa? Direbobinsu ne ke maƙala kyamara a gilashin gaba saboda rigimar hatsari da inshora. Da bidiyoyin nan masana suka lissafa inda dutsen ya fito.

Baban Yara (Gawon Nama): To shi wanda aka yi ta yayatawa wai zai faɗo 2032 fa? Har matata ta tambaye ni.

Ɗalibar Jami'a: 2024 YR4 ke nan Baba. An gano shi ƙarshen Disamban 2024 daga Chile. A Fabrairun 2025 yiwuwar ya same mu ranar 22 ga Disamban 2032 ta haura kashi 3 cikin ɗari, kuma zirin da ake tsoro ya ratso ta Afirka. Da aka ƙara samun awo cikin 'yan kwanaki sai lissafin ya nuna zai wuce. Mutane suka ce ai ga shi masanan sun yi ƙarya. Ni kuwa a nan suka burge ni. Sun faɗi abin da suka sani da iyakarsa, suka ƙara aunawa a gaban kowa. Haka aka yi da wani dutse mai suna Apophis a 2004. Shi zai gifta ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2029 a nisan kusan kilomita 32,000, ƙasa da inda taurarin ɗan'adam na talabijin suke, kuma daga Afirka za a iya ganinsa da ido. Ba zai taɓa mu ba.

Injiniya: Kashi 3 cikin ɗari ya sa manyan na'urorin duniya juyawa wuri ɗaya. Mu kuwa akwai kwanar da kowane direba a tasha ya san tana cin rai, amma je ka nemi takardar da ta ce mutum nawa, wane wata, wane lokaci, mota da me. Wanda ya rasu nan take dangi sun ɗauke shi, kafin la'asar an yi sutura, yadda addini ya koyar. Sau da yawa babu inda aka rubuta. Shi ya sa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kan Najeriya ya ninka alƙaluman da ake bayarwa a gida sau da yawa. Wanda bai ƙirga ba ba zai san inda zai sa 'yan kuɗin da yake da su ba. Ni abin da nake so mu ɗauka daga masu duwatsun sama ke nan, littafin rajista. Mu nan mun haura ɗari a zauren nan, akwai na Bodinga, na Kware, na Wamakko, na Tambuwal. Duk wanda ya ga hatsari ya rubuto wuri, lokaci, irin abin hawa, da abin da ya gani. Banda hoton gawa, banda suna. Bayan wata shida mu ga inda ya taru, mu kai wa hukuma a rubuce.

Mai Shagon Waya: Su karɓa su sa a durowa.

Injiniya: Wataƙila. Amma ɗan majalisar da aka nuna wa taswira mai ɗigo ashirin a mazaɓarsa ya fi wuyar zillewa.

Hajiya (Runjin Sambo): Ni tambayata ga Alhaji direba. Ka ce fasinja ke zuga ku. Ni kuwa sau nawa ina cewa a rage gudu, sai maza su juyo su ce Hajiya ki yi salati kawai. Sai in ja bakina.

Injiniya: Hajiya an gwada wannan a Kenya. Masu bincike suka manna 'yan takardu a cikin ƙananan motocin haya suna ce wa fasinja in direba na ganganci ku yi magana, kar ku yi shiru. Wasu motocin aka manna, wasu aka bari, aka bi bayanan inshora. Waɗanda aka manna wa sun fi ƙarancin hatsari sosai. Takardar ba ta taka burki. Ta dai sa mai magana ya san ba shi kaɗai ba ne.

Direban Illela: Hajiya ki yi haƙuri da su. Ni in mutum ukku sunka haɗa baki ina ragewa, don ni ma ɗiya gare ni. Amma ku riƙa faɗi da ladabi. Wani sai ya zage ka, kai ko ga sitiyari a hannu, rai ya ɓaci. Kuma a gaya ma masu motoci su ma. Na'urar ƙayyade gudu da anka tilasta ma motocin haya 2017, nawa ke aiki yanzu?

Malamin Fiziks (Arkilla): Alhaji, wata alfarma. In ka fita ka duba gefen tayarka, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Roba na tsufa ko zanenta bai cinye ba, kwaltarmu kuma ka san yadda take da rana. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take cewa, wasu kamfanonin taya na ba da fiye da haka.

Direban Illela: Ina tasha, bari in haska.

Ɗan Kabu-kabu (Dandima): Anti Nas, irin mai ramukan nan nawa take kaiwa? In ba ta wuce aikin kwana biyu ba zan duba.

Anti Nas: Ka tambaya wajen masu kayan babur, ka ƙwanƙwasa ka ji, ka duba cikinta akwai farin soso mai tauri. In roba ce zalla irin ta 'yan gini, bar musu kayansu.

Direban Illela: Na duba. Na gaba biyu 1422 da 3021. Ta baya ta dama 2316. Ta hagu lambar ta goge.

Malamin Fiziks (Arkilla): Ta daman nan mako na 23 na shekarar 2016 aka yi ta.

Direban Illela: Watan jiya mai motar ya sawo ta, ya ce 'yar Beljiyam ce mai kyau. Injiniya, cikin rajistar taku a buɗe wurin rubuta mai mota, ba direba kaɗai ba. Zan tura mishi wanga saƙo yanzu, in ya amsa ku ji.